Sauyi a Jami'o'inmu: A Ƙarfafa Shugabannin Sassa Kafin a Zargi Malamai

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabon kundin manhaja da aka fi sani da CCMAS, wanda ya maye gurbin tsohon kundin BMAS da jami'o'in Najeriya suka yi aiki da shi tun 2007. Sabon kundin ya ƙunshi manyan fannonin ilimi 17, kuma a cikinsa hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar a kowane digiri, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. An sanya watan Satumba na 2023 a matsayin lokacin fara aiki da shi. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki tsarin tana cewa kutse ne cikin hurumin majalisar jami'a, wadda doka ta damƙa wa ikon tsara karatu, ita kuwa hukumar ta mayar da martani cewa malaman jami'o'in ne da kansu suka zauna suka rubuta kundin. An yi wannan muhawara a Abuja da shafukan jaridu, amma da lokacin aiki ya zo, nauyin ya sauka ne a kan teburin mutum guda a kowane sashe, wato shugaban sashe.

Shi ne ya wayi gari da manhaja biyu a lokaci ɗaya, domin sababbin ɗalibai sun shigo a kan sabon tsari alhali na gabansu suna kan tsohon, kuma dole a kai su har ƙarshe. Shi ne aka tambaya yadda za a yi da ɗalibin da ya faɗi wani kwas a bara, ga shi kuma kwas ɗin an canza masa lamba, ko an haɗe shi da wani, ko an mayar da shi wani aji. Shi ne zai raba kwasa-kwasan ga malaman da adadinsu bai ƙaru ba, ya nemo musu ɗakunan karatu a jadawalin da tun asali ya cushe, a daidai lokacin da jami'o'i da dama ke fafutikar daidaita kalandar da yajin aikin wata takwas na 2022 ya hargitsa. Sannan bayan duk wannan, shi ne ake sa ran zai tsaya gaban abokan aikinsa a taron sashe ya shawo kansu su karɓi sauyin da zuciya ɗaya.

Ra'ayina shi ne, duk wani sauyi a jami'a, ko na manhaja ne, ko na jarrabawa ta kwamfuta, ko na shigar da maki ta intanet, a matakin sashe yake rayuwa ko ya mutu, kuma mun daɗe muna ɗora wa shugabannin sassa alhakin shawo kan ma'aikata ba tare da mun ba su abin da ake shawo kan mutane da shi ba. Idan sauyi ya ci tura, abu mafi sauƙi shi ne a ce malamai ne masu taurin kai. Na fi ganin cewa a mafi yawan lokuta an tura shugaban sashe ne hannu rabbana, ba bayani, ba kuɗi, ba iko, sai takardar umarni.

Ya kamata a fara duba yadda mutum ke zama shugaban sashe. A yawancin jami'o'inmu wa'adin shekara biyu ne, ana iya sabuntawa, kuma ana kai wa ga kujerar ne ta hanyar girman matsayi, ko zaɓen abokan aiki, ko naɗin shugaban jami'a, ko kuma don layi ya zo kan mutum. Wanda aka naɗa ya ƙware a ilimin sinadarai ko tarihi ko nazarin harshe, ya yi shekaru yana bincike da koyarwa, amma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa yadda ake jagorantar taro mai zafi, ko yadda ake raba aiki ba tare da an ɓata wa kowa ba, ko yadda ake gaya wa babba cewa dole ya sauya abin da ya saba. Ranar da ya karɓi ofis ana miƙa masa mabuɗai da tarin fayiloli, wani lokaci da takardar miƙa aiki mai shafi ɗaya ko biyu. Kafin ya gama fahimtar inda aka dosa, rabin wa'adinsa ya tafi, kuma kowa a sashen ya san cewa nan ba da jimawa ba zai sauka ya koma cikinsu. Wannan sanin kaɗai ya isa ya sa mai ƙin sauyi ya zaɓi ya yi shiru ya jira.

Akwai kuma wani nauyi da takardun hukuma ba sa ambata, wanda duk wanda ya san jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri ya san shi. Sau da yawa shugaban sashe yana shugabantar malaman da suka koyar da shi, har da wanda ya duba kundin digirinsa na uku. Mutumin da ya saba rusunawa ya gaida shi, ya ce masa "ranka ya daɗe", shi ne yanzu ake so ya aika wa takardar tuni cewa bai shigar da makin ɗalibai a kan lokaci ba. A tarbiyyarmu wannan abu ne mai nauyi ƙwarai, kuma ban ga laifin wannan kunya ba, domin tana cikin abubuwan da ke riƙe da zumuncin sashe. Abin da ake buƙata shi ne a koya wa shugaban yadda zai yi aiki da ita. Shugaba mai basira ba ya bari babban farfesa ya fara jin labarin sauyi a bainar taro. Yakan taka har ofishinsa tun kafin ranar, ya zauna, ya ce, "Malam, ga abin da ya zo mana, na ce bari in ji shawararka kafin in kai wa jama'a." Dattijon da aka girmama haka yakan shiga taro yana ganin abin nasa ne, kuma kalma ɗaya daga bakinsa takan kwantar da abin da jawabin awa guda ba zai kwantar ba. Irin wannan hikima tana nan a hannun tsofaffin shugabannin sassa, amma babu wani tsari da ke tabbatar da cewa ta isa ga sababbi.

Sai kuma dalilin da ya sa malamai ke ɗari-ɗari da duk abin da aka ce sabo ne. Malamin jami'ar gwamnati a Najeriya yana da tarihin da yake auna alkawari da shi. Ya ga yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnatin tarayya da ASUU da yadda aka yi ta jan ƙafa a kanta shekara da shekaru. Ya ga yadda aka tilasta shigar da jami'o'i cikin tsarin biyan albashi na IPPIS da sunan gyara, aka yi watsi da UTAS, tsarin biyan albashin da ƙungiyarsa ta gabatar a madadinsa, aka sha fama da kurakuran albashi, sannan a watan Disamba na 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Ya yi yajin aiki na kusan wata tara a 2020, ya sake yin wani daga Fabrairu zuwa Oktoba na 2022, aka riƙe masa albashi na watanni. A lokacin annobar korona an ce masa ya koma koyarwa ta intanet, ba tare da an tambaye shi ko yana da wuta ko data ba, balle a tambayi ɗalibinsa da ke ƙauye. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin zuwa wurin aiki kansa ya zama lissafi. Mutumin da ya bi ta wannan hanya, idan aka kawo masa sabon tsari ya ce "mun ga irinsa", magana ce ta wanda ya sha wuya, kuma wanda ya ɗauke ta a matsayin lalaci ya ɓata lissafi tun daga farko.

Saboda haka taimako na farko da hukumar jami'a za ta yi wa shugaban sashe shi ne ta sanar da shi da wuri, ta kuma gaya masa dalili. Babu abin da ke zubar da ƙimar shugaba a idon mutanensa kamar a yi masa tambaya ya ce, "Ni ma daga sama aka ce." Da zarar ya furta wannan ya zama ɗan aike, kuma babu mai ɓata lokacinsa yana muhawara da ɗan aike, sai dai a amsa masa da to, kowa ya koma ya ci gaba da abin da ya saba. Idan shugaban jami'a da mataimakansa da shugabannin tsangayoyi suna son a karɓi wani tsari, to su tara shugabannin sassa tun abin yana kan takarda, su faɗa musu wace matsala ake son magancewa, me aka riga aka yanke wanda ba zai canzu ba, me kuma ya rage a hannun sashe. Wannan bambancin na ƙarshe yana da muhimmanci matuƙa. Malamai sun fi jin haushin a kira su taron neman shawara a kan abin da aka riga aka gama, fiye da a fito fili a ce musu wannan ɓangaren doka ce, wancan kuwa naku ne ku tsara.

A nan ne nake ganin kashi 30 na CCMAS wata dama ce babba ga duk sashen da ya san darajarta. A digiri na shekara huɗu da mafi ƙarancin nauyin karatunsa ya kai ma'auni 120 (wato credit units, da ake auna nauyin kwasa-kwasai da su), kashi 30 na nufin ma'auni 36, wanda ya zarce aikin shekara guda na ɗalibi. Wannan fili ne mai faɗi. Sashen aikin gona a yankin da ke fama da ƙarancin ruwa da gurgusowar hamada yana iya cike shi da noman ƙasa mai fari da dabarun ban ruwa, kuma Jami'ar Bayero ta riga ta nuna cewa akwai ƙwarewa a wannan fanni ta hanyar cibiyarta ta nazarin noman yankuna masu ƙarancin ruwa. Sashen tattalin arziki yana iya shigar da harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci da kasuwancin kan iyaka. Sashen harsunan Najeriya yana iya ba da ƙarfi ga fassara, da rubutun ajami, da aikin jarida da fim cikin Hausa, waɗanda kasuwarsu ke nan a buɗe. Shugaban da ya tara malamansa ya tambayi kowa abin da ya daɗe yana burin koyarwa amma tsohuwar manhaja ba ta ba shi dama ba, zai ga mutanen da suka shigo taro da ɓacin rai sun fara gardama a kan wane kwas ya fi cancanta. Daga lokacin da malami ya ga fannin bincikensa ya shiga manhaja, ba sai an roƙe shi ya kare ta ba. Inda kuwa aka ba mutum biyu ko uku kwana kaɗan su cike gurbin don a cika wa'adin da aka gindaya, an samu takarda, amma sashen bai samu manhajar da yake ji tasa ce ba.

Matsala ta gaba ita ce rabon nauyi, kuma a ganina ita ce ta fi kashe gwiwa. Kowane sauyi yana zuwa da ƙarin aiki, kuma a sassanmu an san kan wanda wannan aiki ke faɗawa. Ƙananan malamai ne, da jami'in jarrabawa, da masu kula da azuzuwa, waɗanda ake cewa su ne suka iya kwamfuta. Su ke kwana suna daidaita lambobin kwasa-kwasai, su ke shigar da sakamako, su ke tattara fayiloli idan tawagar NUC za ta zo tantance kwasa-kwasai. Idan lokacin ƙarin girma ya yi kuwa, abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne yawan maƙalun da mutum ya wallafa, don haka wanda ya ba da shekara biyu yana ɗauke da sauyin a kafaɗarsa sai ya ga abokinsa da ya kauce ya rufe ƙofa yana rubutu ya wuce shi. Matashin malami ba ya buƙatar a yi masa bayanin darasin da ke cikin wannan. Shugaban sashe shi kaɗai ba zai iya gyara ƙa'idojin ƙarin girma ba, aikin majalisar jami'a ne da hukumar gudanarwarta. Muddin ba a ba irin wannan hidima maki mai ma'ana ba, ko a ba shugaban sashe ikon rage wa mai ɗauke da ita yawan kwasa-kwasan da yake koyarwa, to duk wani kira na a rungumi sauyi zai zama roƙon mutane su yi sadaukarwar da ba a lissafa ta.

Haka nan akwai ma'aikatan da ba malamai ba, waɗanda galibi ba a gayyatarsu taron sashe: sakatare, da akawu, da masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje. Sabon kwas mai buƙatar aikin gwaji a hannun mai kula da ɗakin gwaji yake, kuma shi ne ya san wace na'ura ke aiki da wadda ta shekara a lalace. Rashin tambayarsa tun farko shi ke sa a rubuta abin da ba za a iya koyarwa ba.

Game da horo, ba ina nufin taron bita na kwana biyu a otal a raba jaka da takardar shaida ba. Abin da zai yi amfani shi ne kowace jami'a ta mayar da shi ƙa'ida cewa duk wanda aka naɗa shugaban sashe zai samu horo kafin ya kama aiki, a kan dokokin jami'a da na jarrabawa, da sarrafa ɗan kuɗin sashe, da sasanta rikici, da tafiyar da taro, kuma waɗanda za su ba da horon su kasance tsofaffin shugabannin sassa da na tsangayoyi na jami'ar, waɗanda suka san mutanen da yanayin. A sanar da magaji watanni kafin wa'adi ya cika domin ya zauna tare da mai sauka ya ga yadda ake yi. A samar da zama na kai a kai inda shugabannin sassa za su haɗu su kaɗai su tattauna abin da ke damunsu, domin matsalar da ta hana shugaban sashen lissafi barci wataƙila takwaransa na sashen ilimin ƙasa ya warware ta tun bara. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, yana kashe kuɗi masu yawa wajen tura malamai karatun digiri na biyu da na uku da halartar tarukan ilimi, kuma wannan abin yabo ne, amma ware wani ɗan kaso don horar da masu riƙe da sassa ba zai yi wa asusun nauyi ba, amfaninsa kuwa zai shafi kowane ɗalibi.

Batun kayan aiki a fili yake. Ba a cewa malami ya shigar da maki ta intanet a ginin da ba wuta, musamman tun da ƙarin kuɗin lantarki na watan Afrilu na 2024 ya sa jami'o'i da dama suka shiga taƙaita sa'o'in ba da wuta. Shugaban sashe da ke da ikon sayen batir da faifan sola na ofishi guda, da biyan kuɗin data, da gyara na'urar buga takardu ba tare da fayil ya yi wata uku yana yawo ba, ya fi ƙarfin shawo kan mutanensa fiye da wanda ya iya zance.

Ba zan ɓoye cewa akwai masu ƙin sauyi don son zuciya ba. Akwai malamin da ke karanta wa ɗalibai takardun da ya rubuta shekaru da dama da suka wuce kuma ba ya son abin da zai tilasta masa sabunta su. Akwai wanda ba ya son tsarin da zai nuna ranar da ya miƙa sakamako, ko ya bar alamar duk wanda ya taɓa maki bayan an shigar. Irin waɗannan ba su da yawa, amma suna fakewa a bayan ƙorafin masu gaskiya, kuma lallashi ba ya yi musu magani. A nan abin da shugaban sashe ke buƙata shi ne tabbacin cewa idan ya bi ƙa'ida ya kai rahoto, na sama ba za su juya masa baya ba don wanda ake ƙara yana da uwa a gindin murhu. Shugaban da aka taɓa kunyatawa sau ɗaya a irin wannan hali ba zai sake gwadawa ba, kuma duk sashen zai lura. Amma hanyar ware masu son zuciya ita ce a fara biya wa masu ƙorafi na gaskiya buƙatunsu, domin idan an samar da wuta da horo da lokaci, wanda ya rage yana turjiya ba shi da sauran mafaka.

Lokaci ma wani abu ne da ake yawan tauye wa sassa. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013 tare da barin zaɓin takarda da fensir, ba ta koma kwamfuta gaba ɗaya ba sai a 2015. Duk da kura-kuran da aka fuskanta, wannan tazara ta ba cibiyoyi da ɗalibai damar sabawa. Sashe ma yana buƙatar irin wannan sarari: a gwada sabon tsari a aji ɗaya ko kwas biyu, a zauna a ƙarshen zango a duba abin da ya yi kyau da wanda ya gaza, a gyara, sannan a faɗaɗa. Kuma a bar ƙofa a buɗe ta yadda abin da sashe ya gano zai hau sama ya canza wani abu. Shugaban sashe ɗan ƙungiya ne kamar sauran malamai, yana zama a majalisar jami'a kuma yana zama a taron ASUU, saboda haka babu wanda ya fi shi dacewa ya kai wa hukuma gaskiyar abin da ke faruwa a aji. Idan malamai suka ga cewa ƙorafin da suka yi a taron sashe ya sa an ɗage wani wa'adi ko an gyara wani fom, za su sake magana a gaba maimakon su yi shiru su ƙi aiki.

Wannan batu bai tsaya ga jami'o'i ba. Dokar da aka sanya wa hannu a 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri tare da takardar NCE, wanda ke nufin shugabannin sassa a waɗannan kwalejoji suna fuskantar manhaja biyu, da sababbin sharuɗɗan cancantar malamai, da fargabar waɗanda ke ganin za a bar su a baya. Hukumomin kwalejojin da hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi suna da damar su tara waɗannan shugabanni, su ji daga bakinsu yawan malaman da suke da su da waɗanda suke buƙata, su horar da su, su kuma ware musu kuɗin gudanarwa kafin a ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka a sabon tsarin.